Farin da Ke Ƙarƙashin Murfin Baƙin Mai

Nyanya, Abuja.

Zuwa ga ɗana Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sauke ka Jos lafiya, Ya haɗa ka da ubangida mai tausayi da mota mai jin magana. Innarka na gaishe ka, ta ce rigar sanyin tana ƙasan jaka, kada ka ce ba a sa maka ba.

Na san za ka ce ga waya, me ya kai Baba ga biro. Waya ba ta da sirri a gidan nan, ko tari na yi a cikinta innarka sai ta tambayi wa na gaisar. Kuma maganar nan, in da baki ce, ina kaiwa tsakiya zan karkata in koma zancen taya da birki. Na sha gwadawa.

Akwai mutumin da na zalunta, sunansa Malam Tanimu, mai shayi ne. Na ɓata masa suna a gaban jama'a a kan abin da bai yi ba, kuma har yau ban wanke shi ba. Hanyar da za ka riƙa bi da motar dankali duk mako ta gabansa take wucewa. Zan zo kan wannan. Amma sai ka fara jin yadda aka yi, don a cikin inji abin ya soma, kuma garin da za ka ya fi nan sanyi nesa ba kusa ba.

Kana goye a lokacin. Ina tuƙa wa Alhaji Bello babbar mota. Shi ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ya sayi motar ta hannu daga Turai don ta riƙa kawo masa ɗan abin cefane. Aikinta ɗaukar buhunan masara da shinkafa daga sito zuwa kasuwar Gudu. Tafiyar ba ta da nisa, in ka jefa goro a baki a ƙofar sito, ba ka gama tauna shi ba ka iso. Wurin kwananta wani fili ne a bayan kasuwa, a cikin kwari, gab da rafi. Duk sanyin unguwar nan yake gangarowa ya kwanta.

Kuskurena na farko tun ranar da aka kawo ta na yi shi. Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin bututun ruwan inji, kanikawa na ce masa tamosta. Aikinsa ya tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya ɗauki zafi. Mu kuwa a wurinmu, mota na sauka daga jirgi shi ake fara cirewa. Cewa muke na mutanen ƙasar ƙanƙara ne, mu da rana ke dafa mu me za mu yi da shi. Da hannuna na kwance shi na wurga cikin rafi. Daga ranar allurar zafi ba ta sake ɗagawa daga ƙasa ba, ni kuma ina ta yawo ina cika baki, motar Haladu ba ta zafi. Sagiru, duk abin da ka tarar a jikin inji, wanda ya ƙera shi ba don ado ya sa ba. In ba ka san aikinsa ba, ka tambaya. In wanda ka tambaya ya ce kowa ma cirewa yake yi, ka tambayi wani.

Da sanyin shekarar ya shigo, aiki ya ja baya. Alhaji ya tafi kwas, sito ya yi ƙasa, mota sai ta kwana uku huɗu ba ta motsa ba. Ni kuma don a ce ina kula, kullum na idar da asuba sai in bi motar farko daga Nyanya, in zo in tayar da ita, in bar ta a silo, inji na aiki tana tsaye, har in shanye kofin shayi, in kashe. A zuciyata alheri nake mata, ina ɗumama ta. Wannan ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko, don kullum nake maimaita shi.

Shayin a wurin Malam Tanimu nake sha. Teburinsa na bakin filin, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, daidai inda hancin motar ke tsayawa. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana, amma in ya yi ɗaya sai ta zauna. Shi ke riga kowa zuwa. Motar ma shi ya raɗa mata suna.

"Direba, Hajiya ta tashi lafiya?"

"Ta tashi, Malam. Ita dai ba ta shan ruwan zafi da sunan shayi."

"To ai ita ba ta cewa a ƙara mata madara kyauta."

Haka muke kullum. In zan shiga kasuwa, shi nake bar wa makulli.

Wata safiya na buɗe murfin baƙin mai zan ƙara kaɗan. Gari bai gama wayewa ba, rafin na ta fitar da tururi kamar an ɗora shi a wuta. Na juya murfin, sai na ga fari. Abu ne mai kauri kamar kindirmo, fari da ɗan rawaya-rawaya, ya lulluɓe cikin murfin, ga 'yan ɗigon ruwa sun jeru a kansa kamar gumi a goshi. Na sa yatsa. Sanyi ƙalau. Na daɗe a tsaye ina kallon yatsan nan.

Ka san a hannun kakata na tashi, kuma ita ba ta ba da labarin da mutum zai yi barci bayansa. Takan ce akwai masu zama a bakin rafi waɗanda ba a gani, ba sa karɓar komai daga hannun mutum sai nono, kuma in aka haɗa ka da su, a cikin kayanka za ka fara ganin alama. Shekara talatin ban tuna maganar nan ba. Ranar ta dawo mini har da muryarta.

Na goge da tsumma, na mayar, ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu ya dawo. Na sake gogewa. Ya sake dawowa. A nan na yi kuskure na uku: maimakon in kai wa bakanike, sai na kai wa Sale, shugaban 'yan dako, mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba amma ba abin da ba shi da fassararsa. Ya karɓi murfin, ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, ya goge hannu a wando.

"Wannan ai madara ce, Haladu. An yi wa motar nan aiki."

"Wa zai yi mini aiki? Me na tare wa wani?"

"Ni na sani? Ni dai tambaya ɗaya zan yi. Wa ke da madara a filin nan?"

Mu shida ne a wurin, sai na ga duk mun juya wuri ɗaya. Malam Tanimu na can yana ɗaga buta sama yana tsiyaya, bai san ana yi ba.

Ɗana, in abu ya ɗaure maka kai a jikin ƙarfe, ka kai wa mai ƙarfe. Majalisa ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Ko me ka kai mata sai ta nemo maka mutum ta rataya masa.

Duk da haka ban yarda nan take ba. Na kira mai walda ya yi mini maƙalar kwaɗo a inda ake buɗe inji, na sayi sabon kwaɗo, na rataya makullin a wuya da zare. Na daina barin komai a teburin shayi. Bayan kwana biyu na zo da sassafe, na tsuguna na duba kwaɗon. Raɓa ta kwanta a kansa lif, ba alamar yatsa ko ɗaya. Ƙasar wurin ma ba sawun kowa sai na kaza. Na buɗe. Farin na nan, har ya fi na da.

Mai hankali a nan zai ce, to ashe ba hannun mutum ba ne. Ni da Sale cewa muka yi, wanda ya shiga ba tare da ya taɓa kwaɗo ba, ai ya wuce ɓarawo.

Ranar Juma'a ce, benci biyu duk a cike. Na zo da murfin a hannu na dangwara shi a kan teburin Malam Tanimu, tsakanin burodi da ƙwai. Ya duba, ya sa ɗan yatsa ya taɓa, ya murza.

"Haladu, tawa ba ta kai wannan kauri ba. Kai da kullum kake mini gorin na tsinka ta."

Wasu suka fara dariya. Da na bi su na yi, da maganar ta mutu a nan. Amma dariyar ce ta tunzura ni. Na ɗaga murya yadda har masu kayan miya na bakin kasuwa sai da suka juyo. Na ce shi ne. Na ce da shi da mutanen rafinsa. Na kira shi da sunan da ba zan rubuta a takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba, ka dai san abin da ake kiran mai cin kurwar mutane. Na ce wanda ya iya zuba wa mota ta bayan kwaɗo, me yake zuba wa mutane a kofi?

Ba wanda ya taɓa shi. Da ma an doke shi, ina jin da ya fi sauƙi. Kofuna kawai na ji ana ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya, wasu ko rabi ba a sha ba. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Sale ya ce irinsu ai dafawa ba ta musu komai. Sai Malam Tanimu ya ɗauki murfin, ya goge shi tas da tsummansa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Kwana uku yana zuwa. Ya hura wuta, ruwa ya tafasa, ya jera kofuna, ya zauna. Ba mai zama. In rana ta take sai ya tuttular da ruwan a gindin mangwaro. Rana ta huɗu ya ɗaure tebur da bencina a kan baro. Da ya zo wucewa ta gefen motar ina ciki, sai ya tsaya. Bai ɗaga murya ba.

"Direba, gobe ka buɗe ka duba."

Ya tura baronsa ya tafi.

Washegari na buɗe. Farin ya cika murfin, ya gangara cikin wuyan da ake zuba mai, har yana ja kamar yauƙi. Mutumin ya bar unguwar, ba tebur, ba gwangwanin madara ko ɗaya a filin, ga shi kuma. Sale ya hango ni ya ɗago hannu.

"Yaya, ya ɗauke?"

Na ce, "Ya ɗauke."

Duk abin da na lissafa maka a baya wauta ce, Allah na yafe wauta. Wannan kalma ɗaya ita ce zaluncin. A lokacin Malam Tanimu bai yi nisa ba, an ce yana wajen 'yan'uwansa a Kubwa. Kuɗin mota ɗaya ne tsakanina da shi. Kunyar a ce Haladu ya yi ƙarya ita ta riƙe ni. In ka yi kuskure a gaban mutum goma, ka koma gaban goman nan tun ba su watse ba. Kowace safiya da ka ƙara, komawar na ƙara nauyi.

Na ci gaba da gogewa a ɓoye. Ina zuwa tun kafin 'yan dako, in goge, in jefa tsumman a rafi. Tsummokaran ba sa tafiya, sai su maƙale a jikin ciyawa su yi ta reto, farare, a jere. Yanzu ba shayin da zan auna lokaci da shi, sai in tayar da mota in zauna ni kaɗai a ciki, ina kallon duwatsu ukun murhun Malam Tanimu.

Sai wata ƙara ta fara. Daga saman inji take fitowa, siririya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sagiru, na yi shekaru ina jin ƙarar inji iri-iri, amma wannan ba ta yi kama da komai ba sai cokali a cikin kofi, in ana motsa sukari. Kuma ta ɓangaren mangwaron nake jin ta. In na leƙa, ba kowa. Wata safiya na murɗa makulli na kashe, inji ya tsaya, amma na rantse maka sai da na ji ta sau biyu bayan nan. Na fito na bar ƙofar a buɗe, ban tsaya ba sai cikin masu tumatir, inda akwai mutane.

Ban yi juyen mai ba duk tsawon lokacin. Cewa nake motar da ba ta zuwa ko'ina, me ya ci man? Ranar da Alhaji ya dawo aka cika ta da masara, muna hawowa daga kwarin jar fitilar mai ta kama. Kafin ƙofar kasuwa inji ya buga.

Aka ja ta zuwa Apo, garejin wani dattijo, Oga Dung, mutumin Jos. Da ya kwance tukunyar mai ta ƙasan inji, sai da ya sa cokalin magina ya kwashe abin da ke ciki. Baƙi ne, mai danƙo, kamar kwaltar da ba ta gama daskarewa ba. Ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe ruf. Ya leƙa bakin bututun ruwa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wane ne ya cire tamosta?"

Na ce ni ne.

"Mota naka yana zuwa ina kullum?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa har ɗumamawar da nake yi. Sai na sassauta murya na ba shi labarin farin, da kwaɗon, da raɓar da ba a taɓa ba. Ban ambaci mai shayi ba. Sai ya jawo kular abincinsa, ya buɗe, ya juya murfin ya sa mini a gaban hanci. Ruwa ya jeru a ciki ɗigo-ɗigo.

"Matana ya rufe wannan da hannunsa. Wane ne ya zuba ruwa? Aljani?"

Ya yi mini bayani kamar yana koya wa ɗan firamare. Duk man da inji ya ƙona, akwai tururin ruwa a cikin hayaƙinsa. Yawanci ta salansa yake fita, amma kaɗan na zamewa ta gefen fistin ya sauka inda baƙin mai yake. In inji ya yi zafi sosai, ya daɗe a haka, tururin sai ya fice ta bututun numfashi. In kuwa ƙarfen da sanyinsa, tururin sai ya kwanta a jikinsa ya zama ruwa, ya ɗiga cikin mai, inji ya yi ta kaɗa su tare kamar mai burga nono, har su yi fari. Murfi ya fi ko'ina sanyi, shi ya sa a nan ake fara gani. In aka bar shi, ya haɗu da baƙin hayaƙi da datti, sai ya koma wannan taɓon. Ƙarar cokalin kuwa, ƙarafan saman inji ne da mai ya daina isa gare su, suna cin juna a bushe.

"Kowane safe kana dafa mata ruwa, kana kashewa kafin ya ƙone," in ji shi. "Maye ɗin kai ne, direba."

Ya faɗa yana dariya. Ni sai da na nemi wurin zama.

To ga abin da na saya da tsada, kai ka karɓa kyauta. A sanyin Jos, motar da ba za ka tafi da ita har allura ta hau tsakiya ta zauna ba, ka ƙyale ta ta yi barcinta, ya fi mata tayarwar minti biyar. In aikin 'yan gajerun tafiye-tafiye ya kama ka, ka nemi rana ɗaya a mako ka ba ta doguwar hanya. Ka riƙa duba bututun numfashi kada ya toshe. Lokacin sanyi kada ka jira lissafin nisan tafiya kafin ka yi juye, ka yi da wuri, da zafinta, ka canza filta tare. In ka ga farin a murfi kaɗai, sandar awon mai kuma ta fito da mai mai kyau, ruwan lagireto bai ragu ba, gumi ne, hanya za ta ƙone shi. Amma in sandar ma ta fito fari, lagireto na shan ruwa kullum, farin hayaƙi ba ya ɗaukewa ko ta yi zafi, to ruwa ya ɓalle ciki ta gaskit, shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a kan inji. Kashe ta a inda take ka kira bakanike, ko uban wa ke jiran kaya.

Alhaji ya gyara motarsa, ya yi faɗansa, ya bar ni a bakin aiki. Na gaya masa sanyi ne. Mutanen filin kuwa ban gaya musu komai ba. Sale har ya rasu yana ba da labarin yadda ya gano maye da hancinsa.

Bayan shekaru, wani direban tirela yana hira a tashar Nyanya ya ce akwai wani dogon tsoho mai shayi a gindin Hawan Kibo, inda manyan motoci ke tsayawa su huta kafin su hau. Ya ce shayinsa da daɗi, amma mutumin da abin mamaki yake, ba ya ajiye madara a teburinsa. Baƙin shayi kawai. In ka tambaya sai ya ce ya daina. Ana ta dariya, ni na tashi na bar wurin.

Sau biyu hanya ta bi da ni ta nan. Na gan shi, shi ne, ya yi furfura. Na biyun har na rage gudu na sa sigina. Ya ɗago kai, ba ni ya kalla ba, hancin motar ya kalla. Ƙafata ta koma kan totur da kanta. Ni da na san bayanin komai, na san tururi ne da sanyin ƙarfe, har yau in zan buɗe murfin mai sai na yi bisimilla sau uku, kuma ba na yarda in buɗe ni kaɗai a wuri.

Yanzu gwiwa ta hana ni doguwar tafiya, likita ma ya hana. Saboda haka ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, roƙo ne. Tafiyarka ta farko ka tsaya a gindin hawan. Kada ka je lokacin da ba kowa, ka jira bencinsa ya cika, don a cike yake ranar da na yi masa. Ka yi sallama, ka cire hula in ka ga dama, ka ce kai ɗan Haladu ne direban Gudu. Ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan benci zai ji: abin da aka gani a motar ruwa ne, ni na jawo shi da hannuna, na sani tun washegarin tafiyarsa cewa ba shi ba ne, na yi shiru. Kada ka gyara mini, kada ka ce tsufa ko rashin sani. In ya zage ni, ka tsaya har ya gama. In ya yi shiru, kada ka matsa masa sai ya ce ya yafe, ba dole ba ne a kansa. In ka tarar ya riga mu gidan gaskiya, ka faɗa wa waɗanda ke zaune a wurin, ka nemi inda iyalinsa suke.

Ni ma ba zan bar maka duka ba. Juma'ar nan zan sa a kai ni Gudu. An ce filin ya zama shaguna, rafin ma an rufe shi da kankare, amma akwai biyu cikin 'yan dakon da ke raye, ɗaya na sayar da buhu a bakin kasuwa. Zan tsaya a gabansu in faɗa da bakina.

Abin da Malam Tanimu ya ce maka, ka kira ni ka faɗa mini yadda ya faɗe shi, ko innarka na kusa.

Allah Ya kiyaye ka a hawa da gangara, Ya riƙe maka birki inda ƙafarka ta gaza, Ya raba ka da barci a kan sitiyari, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah Ya sa ka same shi da rai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haladu.